Digirin magidanci: kwali ya fito, ina aka kai ilimin?

Akwai wata zolaya da ake yi wa ma'aikacin da ya koma makaranta bayan furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da zarar labari ya zaga ofis, sai ka ji wani ya ce, "Malam, ilimi kake nema ko mataki?" In ya ce lissafin kuɗi yake karantawa ko aikin lauya, sai a gyaɗa kai, a ce Allah ya taimaka. Amma in ya kuskura ya ce ilimin halayyar ɗan'adam ne ko na zamantakewa, to ranar ya ba 'yan ofis abin hira. Wani zai ce ai wannan karatun zaman majalisa ne, wa bai san halin mutane ba? Wani kuma zai ce a yi hattara da shi, yanzu zai fara karanta zukatanmu.

Ni ban yarda da wannan raini ba, kuma ba don an ce gemu ba ya hana ilimi ba. Abin da nake gani ya wuce haka. A wannan fanni gemun taimako yake yi. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana karɓar marasa lafiya a asibitin ƙauye, ko yana koyar da 'yan aji huɗu, ko yana rubuta ƙorafi a caji ofis, ya fi kowa cancantar zama a ajin da ake nazarin dalilin da ya sa mutane ke yin abin da suke yi. Asarar da muke tafkawa a Gombe da Bauchi ita ce muna barin irin waɗannan mutane su sha wuya su kaɗai har su gama, sannan mu ƙara musu mataki ɗaya, mu mayar da su kan teburin da suka baro kamar ba abin da ya faru.

Bari in fara da maganar matakin, tunda ita ce ake yi wa mutane gori da ita. E, mataki suke nema, kuma babu abin kunya a ciki. Tsarin aikin gwamnati ne ya ɗora wa kwali wannan daraja. Mai digiri yana shiga aiki a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7, mai babbar difloma ta HND kuwa an daɗe ana tsayar da shi a mataki na 14 komai ƙwarewarsa, yana kallon yaran da ya koya wa rubuta takarda suna zama daraktocinsa. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke bambancin da ke tsakanin HND da digiri, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. To mutumin da ya san zai yi ritaya in ya cika shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, kuma ya san fanshonsa ya rataya ne a kan matakin da ya sauka a kai, don me ba zai nemi kwali ba? Wanda ya gina katangar ba shi da bakin zagin mai neman tsani.

Hanyoyin suna nan, ko da yake kowace da ƙayarta. Mai NCE ko difloma yana iya bi ta JAMB ya shiga kai tsaye a aji biyu, ya yi shekara uku cur yana zaman aji, in ofis ya sake shi. Akwai karatun wucin gadi na ƙarshen mako. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita, kuma tana da cibiyoyi a Bauchi da Gombe. Iyayenmu ba su samu wannan sauƙin ba. Kafin a kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, da ta Tarayya ta Kashere da ta Jihar Bauchi a Gaɗau a 2011, jami'ar da ke wannan yanki ita ce ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ATBU, wadda aka kafa a 1980 don kimiyya da fasaha. Mai son nazarin al'umma sai dai ya nausa Maiduguri ko Jos ko Kano ko Zariya, kuma magidanci mai iyali ba ya iya wannan. Fannin ma ba kasafai yake zuwa da suna ɗaya ba a jami'o'inmu. Wani wuri ilimin zamantakewa ne, wani wuri nazarin tunani da ɗabi'a, wani wuri koyon ba da shawara a makarantu, wani wuri nazarin laifuka da tsaro. Duk rassan bishiya ɗaya ne.

Wahalar ita ce ba a cika faɗa ba. Ka ɗauki ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti can wajen Dukku ko Nafada. Ranar Juma'a tana sallamar mata masu awo, ta koma gida ta ɗora tukunyar da za ta ishi yara kwana biyu, ta roƙi ƙanwarta ta kwana da su, ta tsaya bakin titi jiran mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar ya ninka, ya sake ninkawa. Ta sauka gidan 'yar uwa a Jekadafari ko Pantami, ta raɓa a ɗakin yara. Asabar tun ƙarfe takwas tana kan benci, wani malamin ya zo, wani ya aiko cewa yana wurin ɗaurin aure. Lahadi da yamma ta kama hanya, Litinin da safe tana riƙe da allura. Kuɗin rajistarta da kuɗin makarantar 'ya'yanta a wata ɗaya suke faɗowa, ga mafi ƙarancin albashi naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wanda kowa ya san inda yake tsayawa a kasuwa. Adashi ne ke biyan rabin digirin da ake yi a garin nan. In aka yi rashin sa'a yajin aiki ya faɗo, kamar na ƙungiyar malaman jami'a da ya ci wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yaro ɗan shekara ashirin ya rasa shekara guda ne kawai. Ita kuwa ta rasa shekara daga cikin 'yan kaɗan da suka rage mata ta mori kwalin kafin ritaya.

Duk da haka, shiga ajin ka gani. Na taɓa zama a irin wannan aji ana maganar abin da ke sa mutane ƙin karɓar sabon abu ko da zai amfane su. Malami ya jero dalilai a allo kamar yadda suke a littafi, samari suna kwafa. Sai wata dattijuwa mai aikin rigakafi ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a gafarce ni, akwai wanda babu a nan." Ta ba da labarin wani mai gida da ya tare su a zaure ya ce, matarsa ta yi naƙuda kwana biyu ba wanda ya zo, ɗansa ya yi zazzaɓi an ce ya sayo magani, rijiyarsu ta ƙafe ba wanda ya leƙo, amma wannan ɗigon kaɗai ake biyo shi da shi har gida kyauta, sau nawa a shekara. Ya ce, "Hajiya, ke in ke ce, ba za ki yi tunani ba?" Ajin ya yi tsit. Malamin, Allah ya saka masa, bai ji haushi ba. Ya goge rabin allon ya ce a tsaya a nan, yau darasin kenan: mutumin nan ba jahili ba ne, lissafi ya yi da abin da ya gani.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don mun ga abin da rashin fahimtarta ya jawo mana. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, Kano ta fi daɗewa, har cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Maganin yana nan, na'urorin sanyaya shi suna nan, motocin suna nan. Abin da babu shi ne yarda, kuma mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Ba sabon magani ne ya warware matsalar ba. Sarakuna ne da malamai da masu unguwanni da matan da ke shiga gida-gida, har aka kai 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Duk wannan aikin nazarin ɗabi'a ne, ko an kira shi da sunan ko ba a kira ba. Mun koye shi da tsada, da ƙafafun yara, alhali akwai fannin da aikinsa kenan.

Kada dai a ɗauka ina cewa magidanci ya riga ya sani, kwali kawai ya zo karɓa. A'a. Babbar cutar ɗalibi babba ita ce "ai na sani". Ya ga shari'a ɗari, saboda haka ya yanke cewa duk ɓarawo ɗan sakakkiyar mace ne. Ya koyar shekara ashirin, saboda haka bulala ce kaɗai ke gyara yaro, ai shi ma da ita ya gyaru. Amfanin digirin shi ne ya tilasta masa tambayar da bai saba yi ba: mutum nawa ka gani, su wa ba ka gani ba, yaya aka yi waɗanda ka gani suka iso gabanka? Ɗan sanda ɓarayin da aka kama kaɗai ya sani. Ma'aikaciyar asibiti matan da suka zo awo kaɗai ta sani, waɗanda suka haihu a gida ba sa cikin rajistarta. Shi ya sa kwas ɗin ƙididdiga da na hanyoyin bincike, waɗanda manya suka fi tsana, suka fi faɗuwa, suka fi neman yaro ya yi musu, su ne ainihin abin da suka zo saya da kuɗinsu. Na ga mai shekara hamsin yana zufa a gaban jadawalin lissafi, wani yaro da bai kai ɗansa na fari ba yana ce masa, "Baba, ba haka ake yi ba, kawo in nuna maka." Ya miƙa masa biro ba musu. A wannan zaman kowannensu yana da abin da ɗayan ba shi da shi, kuma jami'ar da ta raba su gida biyu, yara da rana manya a ƙarshen mako, ta rage wa kowa.

Akwai wani dalilin da ya sa nake son manya a wannan fanni. Littattafan da ake koyarwa da su kusan duk daga waje suka zo. Wani nazari da aka yi ta ambato tun 2010 ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwajin halayya a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, da yawansu ma ɗaliban jami'a a Amurka. Yaro zai haddace abin da aka gano a kansu ya zuba a jarrabawa. Babba zai ce tsaya. A nan, uwa Bafulatana ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma kakarsa ce ke rainonsa. In ka auna ta da ma'aunin da aka ƙera a Ingila za ka rubuta cewa ba ta ƙaunarsa, alhali duk garin ya san kunya ce. Ka tambayi dattijo ko yana cikin damuwa, zai ce maka sai godiya, ko da kuwa kwana bakwai bai runtsa ba, sai dai ya ce kansa na ciwo ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Wanda ya zauna da mutane ya san ta inda ake shiga. Ba sabon tunani ba ne wannan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta zo tana koyo a wurinsa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu a nan mai damuwa wajen malami yake fara zuwa a yi masa ruƙiyya, kuma har yau ba mu da isassun mutanen da za su iya zama da malamin su fahimci juna a kan lokacin da ya kamata a wuce asibiti.

Buƙatar kuwa ba sai an nemo ta da fitila ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne aka hana maganin tari mai kodin, amma kowa ya san taramol bai bar unguwa ba. Gombe ta sha fama da 'yan Kalare, Bauchi da 'yan Sara-Suka, kuma kame kaɗai bai taɓa ƙarar da su ba. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta garuruwanmu suka cika da waɗanda suka gudo daga Borno da Yobe, da abin da idanunsu suka gani. A Malam Sidi, nan ƙaramar hukumar Kwami, akwai sansanin da sojoji suka buɗe a 2016 don sauya tunanin tubabbun mayaƙa. Ko mutum yana goyon bayan shirin ko yana adawa da shi, a ƙasarmu ake yin sa, kuma aiki ne na masu wannan ilimi. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, ba za su taɓa isa kowace gunduma ba. Digirin farko ba ya mayar da mutum likita, kuma duk wanda ya buɗe shago da shi yana duba marasa lafiya ya ci amana. Amma yana samar da wanda zai gane alama da wuri, ya saurara, ya san inda zai tura. Jihar Gombe gunduma 114 gare ta. Da a ce kowace tana da mutum guda irin wannan a asibitinta ko makarantarta, da an ji a jika.

To ina waɗanda suka gama? Suna nan inda suke. Nan ne abin ke ba ni takaici. Ma'aikaci ya rubuta takardar neman hutun karatu, fayil ya kwanta a kan teburin wani har zango ya wuce. Ya je ya rusuna: "Ranka ya daɗe, maganar takardata ce." A ce masa, "Kai ma kana son ka tafi? To wa zai riƙe mana wurin?" Daga nan sai ya koma yi a ɓoye, yana satar Juma'a, yana ƙaryar rashin lafiya ranar jarrabawa, abokin aiki yana sa masa hannu a rajista. Ranar da ya kawo kwali kuma a ce bai nemi izini ba, ba za a amince da shi ba, sai ya yi shekaru yana bin ofis-ofis. Wanda ya yi sa'a aka daidaita masa mataki, ba wanda zai tambaye shi me ya karanto. Malamin da ya yi digiri a kan ba ɗalibai shawara yana nan yana koyar da darasin da babu mai koyarwa, ɗakin shawarar kuma an mayar da shi sito. Idan wata ƙungiyar agaji ta zo da aikin wayar da kai, sai ta ɗauko masana daga Abuja a sauke su a otal, su kuma su ɗauki wannan ma'aikacin namu a matsayin tafinta.

Masu karatun wucin gadi ma suna da nasu laifin, haka jami'o'in. A wurare da dama an mayar da shirin saniyar tatsa: a ɗebi ɗalibai fiye da kujeru, a matse karatun wata huɗu cikin Asabar shida, a sayar da takardun darasi dole. Ɗalibi kuma, da yake ya gaji kuma yana da ɗan albashi, sai ya ga sayen maki ya fi sauƙi. Kundin kammalawa, wanda shi ne wurin da babba zai fi kowa haskakawa, shi aka fi wulaƙantawa. A je shagon kwamfuta a ciro wanda aka rubuta a kan wata ƙaramar hukuma a Kudu, a goge sunanta a sa Akko ko Katagum, a ƙirƙiro amsoshin mutum ɗari biyu a ɗaki ɗaya. Mutumin da ke da rajistar asibiti ta shekara goma a hannunsa, ko ya san sunan kowace yarinya da aka cire daga ajinsa aka aurar, shi ne yake sayen binciken ƙarya. Wannan ya fi komai ciwo, kuma irinsa ne ke ba masu zolayar ofis gaskiya.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi mai yawa. Shugaban ma'aikata na kowace jiha ya sa wa takardar hutun karatu wa'adi, in ya wuce ba amsa a ɗauka an amince. Wanda ke karatun ƙarshen mako a ba shi ranakun jarrabawa a rubuce, a daina tilasta wa dattawa yin ƙarya. Ma'aikatun lafiya da ilimi da walwalar jama'a su riƙa miƙa wa jami'o'i tambayoyin da ke damunsu, kamar me ya sa mata ke zuwa awo amma su haihu a gida, ko me ke mayar da yaro shaye-shaye bayan an sallame shi, a ce ma'aikacin da aka saki ya yi kundinsa a kan ɗaya daga ciki, ya kawo kwafi, ya tsaya gaban daraktoci ya yi bayani. Kundin da marubucinsa ya san ogansa zai karanta, kuma ogan ya san ƙauyen da ake magana a kai, da wuya a saye shi a shago. Sannan in ya dawo, kafin a taɓa maganar mataki, a fara duba inda za a kai shi: ofishin walwala na ƙaramar hukuma, gidan gyaran hali, sashen wayar da kai, ko ɗakin shawara na makarantar 'yan mata, bayan an kwashe buhunan siminti da karyayyun kujerun da ke ciki.